Baƙon Da Ya Rasa Masauki: Darasi A Kan Faifan USB Da Ya Ƙi Buɗuwa

Ina neman izini in ba da wani ɗan darasi wanda ban koye shi a aji ba, wahala ce ta koya mini. Mutanenmu sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. To, nawa gemun ya kama, don haka na ke so in ba ku labari tun naku yana lafiya.

Cikin watan Disamba na 2024 ina koyon aikin malanta a wata makarantar sakandare a nan garin Azare. Hunturu ya kankama, an gama jarrabawa, saura kwana ɗaya a ba yara takardun sakamako su tafi hutu. Sai malamin da ke kula da jarrabawa ya miƙo mini wani faifan ajiya irin wanda a ke sa wa kwamfuta daga waje, ya ce in je shagon buga takardu in bugo makin azuzuwa uku. Cikin faifan nan kuwa akwai makin dukan makaranta na shekara uku. Da na isa shago na buɗe, sai na ga an yi kure cikin sunan wani yaro, na ce bari in gyara. Ina cikin adanawa ke nan sai aka ɗauke wuta. Mai shago ya tafi neman man janareto, ni kuwa gaggawa ta hana ni jira, na zare faifan na komo makaranta.

Na sa shi a babbar kwamfutar nan ta kan tebur da ke ofishin malamai. Fitilarsa ta kama, na ji yana ɗan gurnani, amma bai buɗu ba yadda ya saba. Na zare, na mayar, har sau uku. Sai wani gajeren saƙo da Turanci wanda ban gane kansa ba. Gumi ya karyo mini cikin sanyin nan. Wani abokina ya ce, “Kai, yi masa fomat mana, nan da nan zai dawo daidai.” Da na bi shawararsa, da yau ba ni da bakin ba da wannan labari, gama yin fomat shi ne share tsarin faifai a shimfiɗa sabo. Ana nan sai malamin kwamfuta ya shigo, dattijo ne mai haƙuri. Ya dube ni ya ce, “Malam ƙarami, lafiya na gan ka zuru?” Na ce, “Malam, ina jin na kashe faifan jarrabawa.” Ya ce, “Wa ya gaya maka ya mutu? Baƙo ne ya zo bai sami masauki ba. Zauna mu bi sawunsa.” Abin da ya koya mini ran nan, da wanda na ƙara bincikawa daga baya, shi ne na tsara a nan.

Asalin Abin

USB suna ne na irin kafar nan da a ke cusa filash, da linzamin kwamfuta, da firinta. Kamfanoni bakwai suka haɗu suka shirya ta, cikinsu har da Intel da Microsoft da IBM, aka fito da ita a 1996. A 2000 aka fito da USB 2.0, a 2008 kuma USB 3.0, wadda ta fi ta fari sauri ƙwarai, sau da yawa kuwa a kan gane ta da shuɗin harshe a cikin kafar. Filash ɗin da mu ke ratayawa a makulli an fara sayar da shi a 2000, na farkon nan megabait 8 kaɗai ya ke ɗauka. Ma'ajiyar da ke cikinsa kuwa wani injiniya ne na kamfanin Toshiba a Japan, Fujio Masuoka, ya ƙago ta cikin shekarun 1980.

Abin ajiya na USB iri biyu ne. Akwai filash da ire-irensa, waɗanda ba abin da ke motsi a cikinsu. Akwai kuma babban faifai mai juyawa, wanda ke da allurar karatu a ciki, shi ne irin wanda aka ba ni. A cikin darasin nan in na ce faifai, duka biyu na ke nufi.

Kwamfutocin da za mu tarar a makarantu yawancinsu Windows ke tafiyad da su. Amma akwai masu Linux, tsarin da Linus Torvalds ya soma a ƙasar Finlan a 1991, wanda kyauta ne. Ta ofishinmu tana da irin Linux da a ke kira Ubuntu. Ya kamata malami ya san duka biyu, gama Microsoft ta tsai da kulawar yau da kullum ga Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, tsofaffin kwamfutoci da yawa kuwa ba su iya ɗaukar Windows 11, sai a sa musu Linux su ci gaba da aiki.

Misalin Baƙo

Ƙasar Katagum ta san baƙi tun da daɗewa, gama tana kan hanyar fatake tsakanin Barno da Kano. A watan Janairu na 1824 Baturen Birtaniya, Clapperton, ya sauka a garin Katagum kan hanyarsa ta zuwa Kano da Sakkwato, tun kafin a mai da gidan sarauta Azare a 1916. To, ku tuna yadda a ke karɓar baƙo a garuruwanmu na dā. Da fari sai ya shigo ta ƙofa. Na biyu, sai a tambaye shi ko shi wane ne, a kai labarinsa gaba. Na uku, in ba a jin harshensa sai a nemo tafinta. Na huɗu, sai mai gari ya yi izini a ba shi masauki, yadda duk mai nemansa zai san gidan da zai same shi.

Haka nan ya ke ga faifai. Ya kan shiga ta kafa ya sami wuta. Kwamfuta ta tambaye shi sunansa da girmansa. Ta duba irin tsarin da aka rubuta fayilolinsa da shi. Sa'an nan ta ba shi masauki. A Windows masaukin harafi ne, kamar E: ko F:. A Linux ba haruffa, folda ce a kan ba shi, a Ubuntu irin ta ofishinmu tana ƙarƙashin /media, sai sunan mai aiki, sai sunan faifan. A Fedora kuwa ƙarƙashin /run/media. In komi lafiya, matakan nan huɗu su kan cika da kansu cikin ƙiftawar ido, har mu kan zaci abu ɗaya ne. In faifai ya ƙi buɗuwa, watau ya tsaya a ɗaya daga cikinsu. Aikin mai gyara shi ne ya gano inda ya tsaya, ya bi su bi da bi, kada ya tsallake.

Mataki Na Fari: Ƙofa

Kafar USB 2.0 tana da wayoyi huɗu, biyu na wuta, biyu na saƙo. Wannan ya sa fitilar faifai ta kan iya kamawa alhali kuwa kwamfuta ba ta san da shi ba, gama wuta ta wuce amma saƙo bai wuce ba. Saboda haka kada fitila ta ruɗe ka. Akwai ma igiyoyin cajin waya masu araha waɗanda ba su da wayoyin saƙo sam, ko ka kwana kana gwadawa ba za su kai labari ba.

Ga abin da za ka yi. Zare faifan, ka leƙa bakinsa da bakin kafar da tocila. A ƙasarmu ƙurar hunturu ta kan taru a ciki har ta yi dunƙule. Kashe kwamfutar, ka fid da ƙurar da busasshen buroshi mai laushi, ban da allura ko wani ƙarfe, ban da ruwa. Sa'an nan ka gwada wata kafa, musamman na bayan akwatin kwamfutar. Na baya a manne su ke da babban allon injin, na gaba kuwa da 'yar waya aka jona su, ta kan saki, wani lokaci ma wanda ya harhaɗa kwamfutar bai jona ta ba tun fari.

Sai maganar ƙarfin wuta. Kafar USB tana ba da bolt 5. Ta USB 2.0 iyakarta miliamfiya 500, ta USB 3.0 kuwa 900. Filash ba ya cin wuta da yawa, amma faifai mai juyawa yana bukatar ƙarfi sa'ad da zai tashi. In ka ji yana ƙoƙarin juyawa yana tsayawa, mai yiwuwa wuta ce ba ta ishe shi ba. Sa shi a shuɗiyar kafa, ka cire shi daga abin nan mai raba kafa ɗaya ta zama huɗu, ka kuma sake gajeriyar igiya. Manyan fayafai na kan tebur kuwa suna da nasu abin jona wuta na bolt 12, in ba a kunna shi ba, ba za su motsa ba.

Daga ƙarshe ka yi gwaji biyu masu raba gardama. Kai faifan wata kwamfuta, ka kuma kawo wani faifai mai lafiya ka sa a wannan. In naka ya buɗu a can, laifin na kwamfutar nan ne. In ya ƙi ko'ina, laifin yana jikinsa ko igiyarsa. Amma fa in faifai mai juyawa yana ƙas-ƙas ko da wuta ta ishe shi, musamman in ya taɓa faɗuwa, zare shi nan take. Allurarsa ce ta sami matsala, ƙara kunna shi ƙara ɓarna ne, sai a kai wa gwani.

Mataki Na Biyu: Shaida

Yanzu sai mu tambayi kwamfuta ko ta ga baƙon. A Ubuntu ka danna Ctrl da Alt da T tare, tagar umarni za ta buɗe. Rubuta wannan kafin ka sa faifan, ka sake rubutawa bayan ka sa:

lsusb

In wani sabon layi ya ƙaru, an ga baƙo a ƙofa. Sa'an nan ka rubuta:

lsblk -f

Wannan zai jera dukan fayafai. Yawanci na cikin kwamfutar shi ne sda, baƙon kuwa sdb, yankinsa na fari sdb1. Amma kada ka dogara ga harafin, gama ya kan sake. Duba suna da irin tsarinsa, ka kuma rubuta lsblk kaɗai ka ga girman ko wanne, don ka tabbata wanda ka ke nufi ne. Linux kuma tana da littafin da ta ke rubuta duk abin da ya same ta, kamar rajistar aji. Ana karanta shi da sudo dmesg, layukan ƙarshe su ne labarin abin da ya faru yanzu.

A Windows ka danna maɓallin Windows da R, ka rubuta diskmgmt.msc. Taga za ta fito mai nuna dukan fayafai da girmansu, har da waɗanda ba su da harafi. In naka yana nan, labari ya yi kyau. In ba ya nan, rubuta devmgmt.msc ka duba ko akwai na'urar da aka sa wa alama mai ruwan ɗorawa. In akwai, cire ta daga jerin, ka zare faifan, ka sake kunna kwamfutar, ka mayar, Windows za ta sake tambayarsa daga fari.

Ran nan namu faifan ya bayyana a lsusb, ya kuma bayyana a lsblk da sunan sdb1. Malam ya ce, “Ka gani? Yana da rai. Mu ci gaba.”

Mataki Na Uku: Harshe

Ko wane faifai yana da tsarin da a ke lissafa fayiloli da shi, mai nuna sunan ko wane fayil da wurin da ya ke kwance. Tsarin nan iri iri ne, kamar harsuna. FAT32, na 1996, kusan ko wace na'ura tana jinsa, amma ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4. ExFAT, na 2006, ya kawad da wannan iyaka, shi a ke sa wa manyan filash. NTFS, na 1993, shi ne harshen Windows, manyan fayafai da yawa da shi su ke zuwa. Ext4, na 2008, na Linux ne. APFS, na 2017, na kwamfutocin Apple ne.

Windows ba ta jin ext4 ko APFS da kanta. In ka sa mata irin wannan faifai, ko ta yi shiru, ko ta ce a yi masa fomat. Ba ta ce ya lalace ba, ta ce ne ba ta gane ba. Ku riƙe wannan da kyau: duk sa'ad da kwamfuta ta nemi ka yi fomat ga faifan da ka san akwai aiki a ciki, amsa ita ce a'a. Mai da shi irin kwamfutar da aka rubuta shi da ita. Tsohuwar Linux kuma ba ta jin exFAT sai an ƙara mata tafinta, gama sai a 2019 Microsoft ta bayyana ƙa'idodinsa a fili, aka shigad da shi cikin zuciyar Linux daga lamba 5.4. In kwamfutarka ta girmi wannan, sai a sa mata exfat-fuse, ko a sabunta ta.

Akwai kuma inda a ke jin harshen amma a ƙi baƙon, nan ne namu ya tsaya. Sa'ad da Windows ta ke rubutu a faifan NTFS, ta kan sa masa alama cewa aiki bai ƙare ba, in ta gama lafiya ta cire. In wuta ta ɗauke a tsakiya, ko aka fizge faifan, alamar ta kan zauna. Sabon tafintan NTFS na Linux, mai suna ntfs3, wanda ya shigo a 2021, in ya ga alamar nan ba ya yarda ya buɗe faifan don rubutu, domin kada ya ƙara ɓarna a kan ɓarna. Ashe abin da na ɗauka mugunta ce, tsare mini dukiya a ke yi. Malam ya gwada buɗe shi da hannu:

udisksctl mount -b /dev/sdb1

Ya ƙi. Muka duba dmesg, ga shi an rubuta cewa faifan yana da alamar rashin kammala aiki. Sai Malam ya ce, “Kafin magani, a fid da kaya daga ɗaki.” Ya buɗe shi don karatu kaɗai, ban da rubutu:

udisksctl mount -b /dev/sdb1 -o ro

Nan da nan sai ga foldoji sun jeru. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Muka kwafe kome da kome zuwa cikin kwamfutar. Sa'an nan muka ari wata kwamfuta mai Windows, inda faifan ya sami harafin E:, muka buɗe tagar umarni da ikon mai kula, muka rubuta:

chkdsk E: /f

Ta bi lissafin fayiloli ta daidaita, ta cire alamar. Da muka mai da shi Ubuntu sai ya buɗu da kansa kamar ba abin da ya faru. Inda ba Windows kusa, ana iya cire alamar da sudo ntfsfix -d /dev/sdb1, amma ku sani wannan ƙananan gyare-gyare kaɗai ya ke yi, bai kai chkdsk ba. In kuwa Windows ta nuna faifan da kalmar RAW, watau lissafin kansa ya lalace. Kada a rubuta kome a kansa. Akwai manhajoji biyu na kyauta, TestDisk da PhotoRec, na wani Bafaranshe, Christophe Grenier, waɗanda a kan ceto fayiloli da su, a zuba a wani faifai dabam.

Mataki Na Huɗu: Masauki Da Izini

Wani lokaci faifai lafiyarsa lau, an gan shi, an ji harshensa, amma ba wanda ya ba shi masauki. Alamar wannan a Linux ita ce, umarnin udisksctl ya buɗe shi ba gardama, amma in ka sa shi ba ya buɗuwa da kansa. A nan ya kamata a san masu aikin. Udev shi ke rubuta sunan baƙo. Udisks shi ke kai shi masauki. Polkit shi ke ba da izini. Teburin aiki kuma, wanda a Ubuntu a ke kira GNOME, shi ke cewa a kai shi. Tambayi teburin ko an hana shi:

gsettings get org.gnome.desktop.media-handling automount

In ya amsa false, wani ya kashe. Sai ka rubuta:

gsettings set org.gnome.desktop.media-handling automount true

Ku lura da abu biyu kuma. GNOME ba ya buɗe faifan da aka sa sa'ad da fuskar kwamfuta ta ke kulle, sai mai ita ya shiga. In kuma mutum biyu suka shiga kwamfuta ɗaya da sunayensu, faifan ya kan sauka wurin wanda ke kan aiki lokacin da aka sa shi, ɗayan ba zai iya buɗewa ba.

Akwai wani fayil, /etc/fstab, inda a ke rubuta fayafan da ke da masauki na dindindin. In wani ya taɓa rubuta sdb1 a ciki saboda wani tsohon faifai, to, duk baƙon da ya sami sunan nan za a bi da shi bisa ga tsohuwar doka, ko ta dace da shi ko ba ta dace ba. Karanta shi da cat /etc/fstab. In ka ga irin layin nan, maganinsa a sa alamar # a farkonsa. Amma ina gargaɗi, kure cikin fayil ɗin nan ya kan hana kwamfuta tashi. Ɗalibi kada ya taɓa shi sai da malamin kwamfuta a gefensa, a kuma kwafe na asali tukuna.

A Windows alamar ita ce faifai ya bayyana a diskmgmt.msc da girmansa da tsarinsa, amma ba harafi. Danna shi da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi “Change Drive Letter and Paths”, ka ba shi harafin da ba mai shi. In ko wane sabon faifai sai an yi masa haka, buɗe tagar umarni da ikon mai kula, ka rubuta diskpart, sa'an nan automount enable, sa'an nan exit. Kada ka gwada wani umarni a cikin diskpart don son sani, gama akwai mai share faifai ɗungum ba tare da tambaya ba.

Wani abu kuma, ofisoshi da ɗakunan jarrabawa da yawa da gangan su ke toshe kafofin USB, saboda ƙwayar cuta da satar amsa. In ka tarar da haka, ba lalacewa ba ce, doka ce. Nemi izini wurin mai kula, kada ka haura katanga.

In Masauki Ya Samu Amma Ɗaki Wayam

Sau da yawa ɗalibi ya kan dawo daga shagon buga takardu ya tarar filash ya buɗu, amma foldojinsa sun ɓace, sai 'yan gumaka masu alamar kibiya. Ƙwayar cuta ce ta ɓoye su. Kada ka danna gumakan, gama dannawa ke yaɗa ta. A wanke filash ɗin da maganin ƙwayar cuta, sa'an nan a rubuta wannan a Windows, in harafinsa E: ne:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Foldojin za su fito daga ɓoye. Akwai kuma filash na jabu, wanda a ke rubuta masa babban girma alhali cikinsa kaɗan ne. Ya kan karɓi kaya har ya wuce iyakarsa ta gaskiya, sa'an nan fayiloli su lalace. In ka sayi sabo, auna shi da H2testw a Windows ko f3 a Linux kafin ka ba shi amanar aikinka. Araha ba ta ado.

Ƙarshen Labari

Abin da ya ɓace ran nan shi ne gyaran sunan nan ɗaya kaɗai, na sake shi cikin minti guda. Amma saura abu mai wuya, watau gaya wa mai faifai. Na je na same shi na ce, “Malam, na yi ganganci da kayanka,” na kwashe labari duka na faɗa masa. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, “Ka kyauta da ka faɗa. Amma laifin namu ne mu biyu. Kai ka yi gaggawa, ni kuwa na bar aikin shekara uku ba shi da na biyu.” Washegari yara suka karɓi takardunsu, ba wanda ya san abin da ya faru. Tun daga ran nan na ɗaukar wa kaina dokoki biyar, ga su:

1. Aiki mai muhimmanci ya zauna a wuri biyu ko uku, ɗaya kuwa ba a ɗaki ɗaya da sauran ba.
2. Kada a yi gyara kai tsaye a kan faifan waje inda wuta ba ta da tabbas. A kwafo fayil, a gyara, a mayar.
3. A sallami faifai kafin a zare shi. Linux ta kan riƙe rubutu na ɗan lokaci kafin ta zuba, ko da ta nuna kamar ta gama. Windows 10 tun daga fitowar 1809 ta rage irin wannan riƙo ga fayafan waje, duk da haka zarewa a tsakiyar rubutu ɓarna ce.
4. Kafin ko wane gyara, a kwafe abin da a ke iya kwafewa.
5. Fomat shi ne na ƙarshe, bayan an tabbata ba abin da za a yi kuka a kansa.

Mu da za mu fita ƙauyukan Katagum da sauran wurare, sau da yawa ba za mu sami malamin kwamfuta a ƙofa ba, mu ne za a duba. Abin da na fi riƙewa daga dattijon nan ya wuce umarnin da ya rubuta. Bai yi zato ba, bai yi fushi ba, ya tambayi abu ɗaya, ya sami amsa, sa'an nan ya wuce gaba. Ina gani haka ya kamata mu yi da yaron da ya kasa lissafi, mu nemi matakin da ya tsaya kafin mu ce ba shi da ƙwaƙwalwa.

Tambayoyi

1. Faɗi matakai huɗu da faifai ke bi kafin ya buɗu.
2. Don me fitilar filash ta kan kama alhali kwamfuta ba ta gan shi ba?
3. Wani ya kawo maka faifai, Windows ta ce a yi masa fomat. Me za ka tambaye shi da fari?
4. Faifai ya buɗu da umarnin udisksctl amma ba ya buɗuwa da kansa. A wane mataki ya tsaya, ina kuma za ka duba?
5. Shirya darasi na minti 40 da za ka koya wa 'yan aji ɗaya na sakandare yadda a ke sallamar filash.